Manyan jami'o'in Amurka na sauya sheƙa: wa ke kwana ciki?

Tambaya: Malam, ina bin ƙwallon jami'o'in Amurka a intanet, kuma kullum sai in ga labarin wata babbar jami'a ta bar rukuninta ta koma wani. Shin irin hawa da faɗuwar gasar Firimiya ne? Kuma me ya sa magoya bayan ƙananan makarantu ke ta kuka, alhali ba su aka taɓa ba?

Amsa: Ɗan'uwa, an taɓa su, sai dai dukan a makare yake isa gare su. Amma ka fara ajiye Firimiya gefe guda, domin muddin tana ranka ba za ka gane wannan harka ba. A Ingila ukun ƙarshe su faɗi, uku daga ƙasa su hau, maki ne alƙali. A wasannin jami'o'in Amurka babu wannan ko kaɗan. Ƙungiya na iya shekara goma ana lallasa ta, tana nan daram cikin manya, wata kuma ta ɗauki kofi sau biyar a jere a matakin ƙasa, ba mai ce mata bismilla. Sai da gayyata ake hawa, ita kuwa gayyata kuɗin talabijin ke rubuta ta.

Ga yadda gidan yake. Hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in ƙasar, ta kasa makarantu mataki uku. Mataki na ɗaya a harkar ƙwallon Amurka, wadda ake ɗauka a ruga da ita, an raba shi biyu tun 1978, kuma daga 2006 ake kiran na saman FBS, na ƙasan FCS. Shekara da shekaru, har zuwa 2025, bambancinsu a fili yake: makarantar FBS na ba 'yan wasa 85 cikakken tallafin karatu, ta FCS tana da kwatankwacin 63 da take gutsuttsurawa, ta mataki na biyu 36, ta mataki na uku kuwa ba ta ba kowa tallafi don wasa. A cikin kowane mataki akwai rukunai, wato abin da suke kira konfarens: makarantu takwas, goma, ko sha shida su haɗa kai, su riƙa karawa da juna duk shekara, su sayar wa gidajen talabijin wasanninsu a dunƙule, su raba abin da aka samu. Duk rigimar da kake gani a kan wa zai zauna a wane rukuni ne.

Tushenta yana a 1984, lokacin da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a ƙarar da jami'o'in Oklahoma da Georgia suka shigar, ta ce NCAA ba ta da ikon riƙe cinikin talabijin na ƙwallon ita kaɗai. Tun daga ranar kowane rukuni ya zama ɗan kasuwar kansa, darajar jami'a kuma ta koma yawan idon da take jawowa. A watan Yulin 2021 Texas da Oklahoma suka ce za su bar rukunin Big 12 su koma rukunin SEC. Bayan shekara guda USC da UCLA, 'yan birnin Los Angeles, suka nufi Big Ten, rukunin da cibiyarsa ke can tsakiyar ƙasa, wanda a 2022 ya ƙulla cinikin talabijin na sama da dala biliyan 7 na shekara bakwai. Tsakanin 2023 da 2024 rukunin Pac-12, mai tarihin fiye da shekara ɗari, ya watse, daga makarantu 12 ya koma biyu, Oregon State da Washington State. Wannan shi ne ɓangaren da jaridu ke bugawa da manyan baƙaƙe, kuma ba zan daɗe a kansa ba.

Abin da nake so ka yi shi ne ka ɗauki giɓi guda ɗaya, wanda Texas da Oklahoma suka bari, ka bi sawunsa zuwa ƙasa. Big 12 ta rasa biyu, sai ta ɗauko huɗu: BYU, da kuma Cincinnati, Houston da UCF daga rukunin American. Shi American da ya ga an yage masa uku, ya juya kan Conference USA ya kwashi shida a lokaci guda: Charlotte, Florida Atlantic, North Texas, Rice, UAB da UTSA. Rukunin Sun Belt ya ga banza ta faɗi, shi ma ya ɗebi Marshall, Old Dominion da Southern Miss. Conference USA mai makarantu 14 ya wayi gari da biyar, alhali doka ta ce rukunin FBS sai da takwas. A cikin FBS babu sauran wanda ya fi shi rauni da zai washe. Ya samo Liberty da New Mexico State da ke zaman kansu, sannan ya miƙa hannu ƙasa: Jacksonville State da Sam Houston a 2023, Kennesaw State a 2024, Delaware da Missouri State a 2025. Sun Belt kuwa tun 2022 ya riga ya ɗauke James Madison. Ka ga makarantu shida ke nan FCS ta rasa cikin shekara huɗu, a kan wata shawara da aka yanke a Austin da Norman, garuruwan jami'o'in Texas da Oklahoma, wadda ba a tambayi ko ɗaya daga cikinsu ba. Tsarin kashin dankali ke nan, babba a kan ƙarami har a kai kan wanda ba shi da wanda zai danne.

Illa ta farko, wadda kowa ke gani, ita ce zakarun ne ake tsincewa. Ba ragwaye ake gayyata ba. Ka duba waɗanda suka ci kofin wannan mataki daga 1998 zuwa 2007: UMass, Georgia Southern sau biyu, Montana, Western Kentucky, Delaware, James Madison, sai Appalachian State sau uku a jere. Kofi goma, tara daga ciki na makarantun da daga baya suka haura ne, Montana kaɗai ta rage. Ka sake duba 2011 zuwa 2024. Kaka 14, North Dakota State ta ci goma, South Dakota State biyu. Sau biyu kacal wani daga waje ya ƙwace kofin, James Madison a 2016, Sam Houston a kakar 2020 da annobar korona ta tura zuwa bazarar 2021. Su biyun nan duk sun tafi. Sakamakon haka wasan ƙarshe huɗu a jere, daga kakar 2021 zuwa ta 2024, bai fita daga jihohi uku maƙwabtan juna ba, Dakota biyu da Montana. Kudancin ƙasar, wanda da can nan ne zuciyar wannan gasa, an kwashe masa manyan dawakai.

Magoya baya sun fi kuka da wannan, ni kuwa ba ita na fi jin tsoro ba. Zakara ya tafi, wani zai yi cara. Ita kanta North Dakota State sai a 2004 ta hau daga mataki na biyu, da maƙwabciyarta. Abin da ba ya dawowa da sauƙi shi ne maƙwabci.

Bari in nuna maka dalili. Gasar kofin FCS ƙungiya 24 ke shiga, sili-ɗaya-ƙwale, kuma rukuni na samun gurbi kai tsaye ga zakaransa ne idan yana da aƙalla makarantu shida masu buga ƙwallon. Shida ita ce lambar da ke hana shugabannin ƙananan rukunai barci. Ka sa kanka a kujerar daraktan wasanni na wata makaranta da rukuninta ya ragu zuwa shida. Kakar na da wasa 11 ko 12. Rukuninka ya ba ka biyar, saura shida ko bakwai kai za ka nemo da kanka, kuma a wannan harka shekaru kafin lokaci ake ƙulla jadawali. Farkon kaka, cikin Satumba, da sauƙi, kowa na neman abokin karawa. Amma daga tsakiyar Oktoba kowa ya shige gasar rukuninsa, kai kana da Asabar biyu ko uku a buɗe, kana ta buga waya. Wanda za ka samu sau da yawa yana can wata uwa duniya. Ƙungiyar ƙwallon Amurka kuma ba 'yan wasa 18 ba ne da jaka ɗaya. Tsakanin 'yan wasa, masu horarwa, masu duba lafiya da masu kula da kaya, kana maganar mutum ɗari ko kusa da haka, ga kwalkwali da sulken kafaɗa da sai an yi musu mota daban. Wasan da ake zuwa da bas biyu ko uku a dawo a daren, yanzu ya zama shatar jirgi da kwanan otal. Sannan magoya bayan wancan ɓangaren ba za su zo ba, naka ma ba su san sunan baƙin ba balle su yi marmarin ganin an doke su. Kuɗin tafiya ya hau, kuɗin ƙofa ya sauka, a Asabar ɗaya.

Wannan ba zato ba ne, ya faru a gaban idonmu. Rukunin Big South ya rasa Coastal Carolina da Liberty da suka haura FBS, sai ya yi faci da Hampton a 2018, daga baya da North Carolina A&T, dukkansu daga MEAC, rukunin jami'o'in da aka kafa wa baƙaƙen fata tun zamanin wariya. Da James Madison ta bar rukunin CAA, shi kuma CAA ya zo ya ɗauke facin, ya haɗa da Monmouth da Campbell. Big South ya rasa yadda zai yi. Can gefe rukunin Ohio Valley shi ma an kwashe masa Eastern Kentucky, Jacksonville State, Austin Peay da Murray State. A 2023 marayun biyu suka haɗa gasar ƙwallonsu wuri ɗaya don kada gurbin ya suɓuce. MEAC kuwa, wanda a 2017 yake da makarantu 11 masu buga ƙwallon, zuwa 2021 ya koma shida: Howard, Morgan State, Delaware State, Norfolk State, North Carolina Central da South Carolina State. Gaskiya ba duk wannan ne laifin Texas ba, Florida A&M da Bethune-Cookman don raɗin kansu suka koma rukunin SWAC, Savannah State kuma kasa ɗaukar nauyin ta yi ta sauka mataki na biyu a 2019. Amma wanda ya riga ya rame, ko iska ce ta kaɗa sai ya ji a jikinsa.

Labarin WAC ya fi ba ni dariya mai ciwo. Rukuni ne da ya taɓa zama a cikin manya, aka yi ta yagarsa har ya daina shirya gasar ƙwallon bayan kakar 2012. A 2021 ya dawo a matakin FCS, ya kwaso makarantun Texas huɗu daga rukunin Southland, Abilene Christian, Lamar, Sam Houston da Stephen F. Austin, ana ta buga ƙirji. Ba a rufa shekara biyu ba Lamar ta koma inda ta fito, Sam Houston ta haura, a 2024 Stephen F. Austin ma ta juya gida. Dole WAC ya haɗa 'yan saura da na rukunin ASUN, suka yi wata gasar haɗin gwiwa mai suna United Athletic Conference, wadda ta miƙe daga Utah har Kentucky.

To ina rukunan FCS ke samo nasu facin? Daga mataki na biyu. North Alabama ta hau a 2018, Merrimack a 2019, Tarleton State da makarantar da yanzu ake kira Utah Tech a 2020, Lindenwood, Stonehill da Texas A&M-Commerce a 2022, West Georgia da Mercyhurst a 2024, New Haven a 2025. Ita Commerce ɗin nan ita ce ta ci kofin mataki na biyu a 2017, ka ga a nan ma na gaba-gaba ake ɗauka. Wani abin da ba a cika faɗa ba, da yawa cikin waɗannan makarantu ba don ƙwallon Amurka suke hawa ba. Kwaɗayinsu gasar ƙwallon kwando ta watan Maris, inda zakaran kowane rukuni na mataki na ɗaya ke da gurbi, makarantar da ba wanda ya san da ita ta fito a talabijin ƙasa ta gan ta. Ƙungiyar ƙwallon Amurka sai dai ta bi ayari, ko ta shirya ko ba ta shirya ba.

A mataki na biyu tsani ya ƙare, kuma a nan ne ake rufe ƙungiya ɗungurungum. Yammacin ƙasar ya fi kowa ji. Western Washington ta daina buga ƙwallon a 2009, Humboldt State bayan kakar 2018, Azusa Pacific a 2020, Dixie State, wato Utah Tech ta yau, ta haura. Azusa Pacific ɗin nan, in ka manta, ita ce inda Christian Okoye ɗan Enugu ya je da niyyar wasan jifa, ya ɓuge da ƙwallon Amurka, Kansas City Chiefs ta ɗauke shi a 1987, kuma a 1989 ya fi kowa gudu da ƙwallo a gasar ƙwararru ta NFL. Irin waɗannan makarantu ne ke da haƙurin koya wa baligin da bai taɓa riƙe ƙwallon ba. Da suka watse, rukunin arewa maso yamma ya rage da makarantu uku, Central Washington, Western Oregon da Simon Fraser ta ƙasar Kanada, har sukan kara da juna sau biyu a kaka don cike jadawali. A 2022 suka raɓa da rukunin Lone Star na Texas. Daga Burnaby kusa da Vancouver zuwa Kingsville a kudancin Texas ya haura kilomita 3,000, kamar ka yi Kano zuwa Legas sau uku don wasan awa uku. Makarantun Texas ma ba su ga ribar tsallaka iyaka ba, Lone Star ya ce ba zai sabunta zaman Simon Fraser ba. A watan Afrilun 2023 jami'ar ta sanar da rufe ƙungiyar. Ba rashin iya wasa ya kashe ta ba, abokin wasa ta rasa. A kudu ma rukunin Gulf South, wanda ya fitar da zakarun ƙasa irin su Valdosta State, Delta State da West Florida, ya shiga kakar 2025 da makarantu huɗu masu buga ƙwallon, bayan wasu sun haura, wasu sun koma wani rukunin, Mississippi College kuma ta daina. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Sai batun kuɗi, wanda ke da ƙofa uku. Ta farko ita ce wasan da babbar makaranta ke biyan ƙarama ta zo gidanta ta sha kashi. Doka ta yarda ƙungiyar FBS ta lissafa nasara ɗaya a kan ta FCS cikin shidan da take bukata don samun wasan ƙarshen kaka, saboda haka kowa na son irin wannan baƙo. Ladan yakan kai dala dubu ɗari uku, huɗu, wani lokacin fiye, kuma ga ƙaramar makaranta wannan cek ɗin guda ɗaya na iya riƙe wasu wasanninta na tsawon shekara. Wani sa'in kuma baƙon yakan ƙi karanta takardar gayyata. Ranar 1 ga Satumban 2007 Michigan, tana ta biyar a ƙasar, ta biya Appalachian State dala 400,000 ta zo gidanta a Ann Arbor gaban mutum sama da dubu ɗari. Saura daƙiƙu a tashi baƙin na gaba da 34 da 32, Michigan ta samu bugun da zai ba ta nasara, Corey Lynch ya kutso ya tare ƙwallon, ya ɗauka ya ruga da ita har lokaci ya cika. Abin da mutane ke mantawa, wannan ne wasan farko da tashar Big Ten Network ta nuna, tashar rukunin kanta, wadda ita ce daga baya ta sa rukunin ya riƙa auna jami'a da yawan gidajen da ke biyan kuɗin kallo a yankinta. A rana ɗaya, a tasha ɗaya, aka ga darajar ƙaramin mataki aka kuma ga abin da zai cinye shi. Appalachian State ɗin ma a 2014 ta haura, tare da Georgia Southern.

Wannan ƙofa tana ƙara tsukewa. Rukuni in ya kumbura ya kai makarantu 16 ko 18, gidajen talabijin sun fi son manyan su riƙa gwabzawa da juna. Big Ten da Big 12 tuni suke buga wasa tara a cikin gida, SEC ma a 2025 ya yanke shawarar komawa tara daga 2026. Kakar dai wasa 12 ce, duk wanda aka ƙara a ciki an rage shi ne a waje. Big Ten ya taɓa umartar makarantunsa su daina gayyatar 'yan FCS, daga baya ya sassauta. Ban ce ƙofar za ta rufe gobe ba, domin manyan ma suna son Asabar ɗaya ta hutu a gaban magoya bayansu. Amma mai sayarwa ya yi yawa, mai saye na raguwa, kai ka san inda farashi zai nufa.

Ƙofa ta biyu shari'a ce. A watan Yunin 2025 mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sasancin ƙarar da ake kira House, wanda ya sa za a biya tsofaffin 'yan wasa kimanin dala biliyan 2.8 cikin shekara goma, ya kuma ba makarantu damar biyan 'yan wasansu kai tsaye har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Manyan rukunai aka kai ƙara, 'yan wasansu ne za su kwashi mafi yawan diyyar, amma wani kaso mai tsoka na bashin daga rabon da NCAA ke ba ƙananan rukunai ake zaftare shi. Wanda bai ci nanin ba, nanin ta ci shi.

Ta uku 'yan wasan ne da kansu. Daga 2021 ɗan wasa na iya canja makaranta ba tare da zaman jiran shekara ba, kuma a shekarar aka halatta masa karɓar kuɗin talla da sunansa. Da can yaron da manya suka raina yakan zauna shekara huɗu a ƙaramar makaranta ya bar mata tarihi, kamar Jerry Rice a Mississippi Valley State, ko Carson Wentz da ya fito daga North Dakota State aka ɗauke shi na biyu a zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL na 2016. Yanzu kaka ɗaya mai kyau ta isa. Cam Ward ya fara a Incarnate Word, ya wuce Washington State, ya ƙare a Miami, aka ɗauke shi na ɗaya a 2025. Jared Verse daga Albany ya koma Florida State. Mai horarwa Deion Sanders da ya bar Jackson State a ƙarshen 2022 ya tafi Colorado da ɗansa Shedeur da Travis Hunter. A nan ba na ganin laifin yaran ko kaɗan. Shugabannin jami'o'i sun yi shekaru suna sauya sheƙa don kuɗi, masu horarwa ma haka, ba su da bakin yi wa ɗan shekara ashirin wa'azin riƙon amana.

Za ka ce to kowa ya haura mana ya huta. Da farko, an ɗaga kuɗin shiga: a watan Oktoban 2023 NCAA ta mayar da kuɗin neman hawa FBS daga dala 5,000 zuwa dala miliyan 5. Sannan ga ƙarin tallafin karatu ga maza, wanda dokar daidaito ta 1972 ke sa a yi wa mata makamancinsa, ga albashin masu horarwa, ga gyaran fili, ga kuɗin fita da tsohon rukuni zai caje ka. Akwai kuma zaman jira na shekara biyu. James Madison ta ɗanɗana kuɗarta ta kowane ɓangare: da ta sanar za ta tafi a 2021, CAA ya haramta wa ƙungiyoyinta shiga gasar kofunan rukunin, da ta isa sama kuma ta ci wasa 11 cikin 12 a 2023, doka ta hana ta buga wasan ƙarshe na Sun Belt. Duk da haka ita ta ci riba, domin ta je da ɗalibai masu yawa, da fili cike, da rukunin da maƙwabtanta ke ciki. Appalachian State ma haka. Ka kwatanta da UMass, wadda ta haura a 2012, ta rabu da rukunin MAC bayan 2015, ta yi shekaru tana gararamba ba rukuni, ba ta cin fiye da wasa huɗu a kaka, sai a 2025 ta koma MAC ɗin. Idan ka tambaye ni, tambayar da ya kamata shugaban jami'a ya yi ba ita ce "za mu iya hawa?" ba, ita ce "su wa za mu tarar a can, kuma bas zai kai mu?"

Akwai waɗanda suka amsa ta wata fuskar. Richmond, zakarar 2008, ta ɗauke ƙwallonta daga CAA da ya yi faɗi ya rasa kama, ta kai ta rukunin Patriot a 2025, wurin makarantu masu irin tsarin karatunta. Saint Francis ta jihar Pennsylvania ta sanar a watan Maris ɗin 2025, kwanaki kaɗan bayan ta buga gasar kwando ta ƙasa, cewa za ta sauka mataki na uku baki ɗaya. Rukunin Ivy, na su Harvard da Yale, wanda ya daɗe yana ƙin shiga gasar kofin FCS, ya amince ya fara daga 2025, abin da ya ƙara wa gasar sunaye masu nauyi. Montana da Montana State kuwa suna karawa tun 1897, filin Montana da ke Missoula na cika da mutum dubu ashirin da biyar, fiye da abin da makarantun FBS da dama ke tarawa.

Makaranta ɗaya ce a wannan zamani ta sauko daga FBS zuwa FCS da ƙafarta, ita ce Idaho. Ta haura a 1996, shekara ɗaya da Boise State. Boise ta yi suna, Idaho ta yi ta yawon rukunai, har ta ƙare a Sun Belt, tana tashi daga arewa maso yamma zuwa Alabama da Louisiana. Da Sun Belt ya ce ya gaji bayan kakar 2017, ta koma rukunin Big Sky a 2018, tsofaffin ɗalibanta da yawa suna fushi, suna ganin an zubar musu da girma. Shekarun farko ba daɗi. Daga baya aka kawo Jason Eck, ta shiga gasar kofi a 2022, 2023 da 2024, ta koma karawa da Montana, Eastern Washington da Idaho State, makarantun da mota ke kaiwa, rufaffen filinta na garin Moscow da ke jihar Idaho ya sake ɗaukar hayaniya. A watan Disambar 2024 jami'ar New Mexico, ta rukunin Mountain West da Pac-12 mai neman farfaɗowa ya gama yagar makarantu biyar daga jikinsa, ta zo ta ɗauke Eck, wasu daga cikin 'yan wasansa suka bi shi.